Ba a Dukan Wanda Ya Faɗi

Alhamis, 20 ga Oktoba, 1955

Yau aka yi sadakar bakwai. An ci waina, an raba gumba, an watse.

Ƙasimu. Ƙasimu. Na rubuta ne don ban taɓa faɗa da baki ba. Ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, yanzu kuma na gano ko kukansa ba ta da iko da shi. Tun da aka yaye shi aka miƙa wa ƙanen ubansa, Labaran, danga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Saboda haka duk mai ta'aziyya can yake fara sauka. Ni sai a leƙo a ce ya haƙuri, in ce da godiya. Godiyar me.

Littafin nan an ba ni ne don in koya wa matan unguwa karatun boko. Su jira.

Asabar, 22 ga Oktoba

Kowa cewa yake ɓarayi ne, kwana ne ya ƙare. Na san kwana. Ubana malami ne, a gabansa na sauke, ba na bukatar matar mai kitso ta fassara mini ƙaddara. Yadda aka yi nake so in ji, kuma da na tambaya sai kowa ya dubi ƙasa.

Litinin, 24 ga Oktoba

Na aika aka kira mini Halliru ɗan Indo maƙwabciyata. Shi ne abokin tafiyarsa ran nan, shi ya ɗauko shi. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana ta gaisuwa ba ta ƙarewa, har na ce masa gaisuwar ta isa.

Sun taso daga kasuwar Darki da sa guda na Sarkin Fawa. Bayan la'asar, a inda hanya ta ratsa gonakin dawa, mutum biyu suka fito musu. Halliru na riƙe da igiya. Ƙasimu na da sanda a hannu. Na sa ya maimaita mini wannan wurin: yana da sanda a hannu, ya jefar da ita. Ya jefar, ya gyara tsayuwa irin ta dambe, hagu a gaba, dama a baya. Naushi ɗaya na gaban ya zube a kan gwiwa da tafin hannu. Ɗayan ya faɗa cikin dawa da gudu.

Daga nan sai ya ja da baya, ya ɗaga hannu sama, ya juyo wajen Halliru yana dariya.

Na ƙasan yana da wuƙa a damtse.

Na tambaye shi ko Ƙasimu ya yi magana. Ya ce ya yi kalmar shahada daga baya, a bakin kogi, alhamdu lillahi. Amma da farko, yana dafe da haƙarƙari, abin da ya ce shi ne, "Ai ya faɗi, Halliru." Wai kamar mai kai ƙara. Kamar wanda aka yi wa maguɗi.

Ai ya faɗi.

Laraba, 26 ga Oktoba

An koma fagen dambe. Ko sati biyu ba a yi ba. Babu kiɗa dai, wai don kunya.

Fagen Labaran a bayan gidansa yake, ta ɓular dangar bayan gidana ana ganin komai. Shekara da shekaru ina jin ihunsu ina tuƙa tuwo, ban taɓa tsayawa na duba da ido na mai hankali ba. Yau na duba.

Ana share wurin tas, a tsince ƙaya da tsakuwa. Ana naɗe hannu da tsumma mai laushi don na koyo ne. Mutum ɗaya da mutum ɗaya, tsara da tsara, ba a haɗa babba da ƙarami. Kowa ya san lokacin farawa don Labaran ne ke tafa hannu. Da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa sai ya ce ya isa, wanda ke tsaye ya ja baya, ya ɗaga hannu, ya juyo wajen 'yan kallo. Wani ya yi jinkirin ja da baya kaɗan, Labaran ya zuba masa tsumagiya a ƙwauri.

To haka. Tun yana ɗan shekara nawa ake zuba wa nawa tsumagiya don ya juya baya? Ba shi ya juya ba ran nan, ƙafafunsa ne suka tuna bulala.

Na karanta labaran yaƙe-yaƙe a littattafan Babana, na karanta na yaƙin Turawa a jaridar da ƙanena ke aiko mini daga Kano. Ban taɓa ganin inda aka share fili, ko aka tsaya don abokin gaba ya yi tuntuɓe ba.

Isyaku ɗana na cikinsu. Shi kaɗai ya rage mini.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Kukan shanu tun safe. Ban fita ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Na shiga gidan Labaran. Yana zaune yana murza zaren ɗaure hannu, da ya gan ni ya miƙe yana Yaya sannu, Yaya ga tabarma. Ban zauna ba.

Na faɗa masa duk abin da Halliru ya faɗa mini, har jefar da sandar. Ya sani. Ashe tun ranar ya sani, ni kaɗai aka bari a duhu don kada in yi magana. Na ce shi ya kashe shi, wancan wuƙa kawai ya riƙe. Matarsa ta fito daga madafa tana salati, na ce ta koma tuwonta zai kama.

"Dambe ba faɗa ba ne, Yaya," in ji shi. "Wasa ne na gado. Da ana dukan wanda ya faɗi da ba a bar mahauci ko ɗaya a ƙasar nan ba."

"Ka taɓa gaya musu wasa ne?"

Na tuna masa kirarin da makaɗa ke yi wa yaron yana tsaye yana washe baki, wai dutsen mashigi, ruwa ya zo ya ratse. Na tuna masa shi da bakinsa ya ce wa Sarkin Fawa mutum biyu sun isa hanyar Darki muddin Ƙasimu na ciki. Ya ɗaura masa kambu a damtse, ya sa aka yi masa rubutu, bai taɓa ce masa ɓarawo ba ya jin tafi ba.

Ya ce shi ma ɗansa ne, a gadon bayansa ya girma. Na ce to ni haihuwarsa kawai na yi, ban da baki.

Na fito. Na yi tsammanin zan ji sauƙi.

Talata, 1 ga Nuwamba

Sarkin Fawa ya aiko. Bayan arba'in Isyaku zai karɓi hanyar Darki, tunda shi ma ɗan dambe ne. Tunda shi ma ɗan dambe ne! Da hannu aka haƙa ramin, ana neman na biyun da zai faɗa.

Na ce wa Isyaku ba inda za shi. Ya sunkuyar da kai, ya bar ni na gama, sannan ya ce sana'ar ubansa ce, in ya ƙi wa zai ba shi rumfa a mahauta, me za mu ci, da wane ido zai dubi tsaransa. Yana magana a hankali kamar ubansa, Allah ya jiƙansa. Masu magana a hankali ba sa tanƙwaruwa, na zauna da ɗaya shekara ashirin da wani abu.

Na ce ko ɗinki ya koya. Ya ce, "Inna, da waɗannan yatsun?" Har ya so ya ba ni dariya. Ban yi ba.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Ɗan'auta mai kananzir ya zo, wanda ya je yaƙin Bama. Na tsare shi a soro na tambaye shi yadda aka koya musu faɗa a soja, don na ɗauka su na gaske ake koya musu.

Ya yi dariya har da tari. Wai buhu ake cikawa da ciyawa a rataye, a ce su ruga da banati, wuƙar bakin bindiga, suna ihu su soke shi. Wata da watanni. "Buhun nan, Malama, bai taɓa ramawa ba. Mutumin kirki ne." Ranar da aka fara harbinsu a daji wai ya manta ma yana riƙe da bindiga.

Na ce to me ya dawo da shi gida. Ya ce ƙafa da sauran shan ruwa.

Ba abin da na kira shi ya faɗa mini ke nan ba. Na ce ya auna mini kananzir ya tafi, kuma ya cika kwalbar.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Tunda ba zan iya hana shi tafiya ba, ni zan koya masa abin da Baffansa ya ƙi.

Kullum in na ajiye masa tuwo sai in zauna. In mutum ya faɗi ka bi shi. Ka taka hannun. Ka ɗora masa, ka sake ɗorawa, kada ka ɗaga sai ya daina motsi. Yau ya ce Baffa zai yi masa bulala, na ce bulala ba ta kai kowa kushewa. Ya ce a fage abokansa ne. Na ce abin da hannu ya saba a fage shi zai yi a hanya, wansa ya gwada mana.

Bai ƙarasa tuwon ba. Gobe ma zan faɗa.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Matan aji sun aiko ko za a koma karatu. Wace za ta koya musu? Wannan da ke zaune tana lissafa wa ɗanta inda ake taka mutum?

Duk da haka gaskiya ce nake faɗa masa. Gaskiya ce.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Bayan la'asar ina bakin danga. Aka haɗa Isyaku da Halliru. Suka daɗe suna zagaye, suna auna juna, Halliru har yana tsokanarsa wai ya zo ya karɓi goron Asabar. Isyaku ya same shi a kunne, Halliru ya durƙusa. Labaran ya ce ya isa. Halliru ya ɗago kai yana murmushi, ya miƙo hannu a tashe shi.

Isyaku ya taka hannun. Ya duƙa ya ɗora masa a muƙamuƙi. Ya sake.

Na ji ƙarar daga inda nake. Kuma, Allah na gani, a numfashin farko daɗi na ji. Na ce yauwa a raina. A na biyu ne na ga jinin.

Mutum uku suka janye Isyaku. Na jira in ga tsumagiya. Labaran bai ko ɗaga ta ba. Ya dubi Isyaku, sannan ya juyo ya dubi dangata, daidai ɓular, kamar ya daɗe da sanin ina nan. Ya duƙa ya ɗauki Halliru da kansa.

Isyaku ya shigo gida da tsumman a hannu bai kwance ba. Ya tsaya a tsakar gida. "Inna, na yi yadda kika ce."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da na san amsar.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Muƙamuƙi ya karye, haƙori biyu sun fita. Mai ɗori ya ɗaure.

Talata, 15 ga Nuwamba

Na dama kunu mai ruwa-ruwa na kai gidan Indo. Shekarunmu nawa da Indo, ita ta yanke wa Isyaku cibiya. Na yi sallama ta amsa a gajarce, ba ina kwana ba ina gajiya. Ta karɓi ƙwaryar ta ajiye a ƙasa.

"Nawa ne ya ɗauko naki a kafaɗa tun daga gonar dawa har bakin kogi," ta ce. "Rigarsa har yau ba ta fita ba. Ladan ke nan, Malama?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba a unguwar nan.

Ta ce 'yan'uwan ubansa sun so a kai gaban alƙali, yaron ne ya yi ta girgiza kai har ɗorin ya so ya goce. Na leƙa ɗakin. An naɗe masa fuska da ƙyalle, ido kawai. Da ya gan ni ya yi yunƙurin durƙusawa ya gaishe ni. Na ce ya kwanta, na fito da sauri.

Isyaku ba ya ci. Yana zama a gindin rumbu yana juya hannunsa. Na ce ya je ya gaida abokinsa, ya ce da wace fuska. Can ya ce lokacin da ya ɗora na biyun bai ga Halliru ba. Na ce wa ya gani. Ya ce ba kowa.

Ɗaya ya juya baya ga wanda bai kamata ba. Ɗaya bai ga fuskar abokinsa ba. Duka biyun ni na haifa.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Fage shiru sati guda. Kaji ke kiwo a ciki. Abin da na so ke nan, ko?

Talata, 22 ga Nuwamba

Arba'in. Bayan an watse Labaran ya yi sallama ya tsaya a bakin soro. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na lura ne kawai, ba tausayi ba ne.

Ya ce gobe zai buɗe fage. Ya ce ko gaban alƙali zan kai shi ba zai koya wa ɗan kowa dukan wanda ya faɗi ba, Isyaku ma sai ya je ya durƙusa wa Halliru kafin ya sake taka wurin. Amma abin da bai gaya musu ba a da, zai gaya musu. Kuma ya roƙi Sarkin Fawa daga yau mutum huɗu za su riƙa bin hanyar Darki, su taso da azahar, kowa da sandarsa.

Na ce, "Sai da aka binne."

Ya ce, "Sai da aka binne, Yaya."

Na shirya masa magana tun safe, mai tsawo, har da aya. Da ya amsa haka sai na rasa inda zan sa ta.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Na ce ba zan ƙara leƙawa ba. Shanya na je kwashewa.

Damben nasu na nan yadda yake, tafi da ya isa da ɗaga hannu. Amma bayan an gama sai ya ce yanzu kuma hanya. Ya soke karan dawa a damtse, ya ce shi ne ɓarawo, kowa ya zo ya ture shi. Tsoho da furfura, gwiwar da ke hana shi ruku'u sosai. Na farko ya ture shi, ya faɗi tim, yaron ya juya yana ɗaga hannu. Labaran ya taso ya soka masa kara a haƙarƙari. Aka yi dariya. Ya ce wa yaron ya je ya kwanta can, ya mutu. Na biyu ma haka. Na uku ya san abin da za a yi, yana kallo aka yi wa biyu, amma da tsohon ya taɓa ƙasa sai wuyansa ya juya da kansa. Daga nan dariyar ta ragu.

Yana tashi yana faɗi, yana faɗa musu abu ɗaya. Kada ka bi shi ƙasa, ba ka san abin da ke hannunsa ba. Kada ka ba shi baya. Ja da baya idonka a kansa, ka yi kururuwa, in ya taso ka saki igiyar ka gudu. Wani ya ce a bar san Sarkin Fawa? Ya ce san Sarkin Fawa dama yanka za a yi.

Har yanzu ƙarya ce. Kara ba wuƙa ba ne, ba wanda ke tsoron Baffansa, fili a share yake, kowa ya san za a tashi a ci tuwo. Buhun Ɗan'auta ne, sai dai wannan buhun yana tashi. Ban san ko ana iya koya wa mutum ranar ba tare da ranar ta zo ba. Ina jin ba a iyawa.

Isyaku ne na ƙarshe. Jiya ya je gidan Indo, ya daɗe, bai gaya mini abin da aka yi ba. Ya ture Baffansa a hankali, kamar mai ajiye tulu. Bai juya ba, bai bi shi ba. Ya riƙa ja da baya, idonsa a kansa. Tsohon bai taso ba. Ya zauna a ƙasa da karan a hannu, ya rufe fuska da hannun riga, yaran suka yi cirko-cirko.

Na kwashe shanyata. Rabin ba ta bushe ba.

Alhamis, 1 ga Disamba

Sun tafi da sassafe, su huɗu. Na ƙulla masa fura a ƙyalle. A bakin soro na riƙe sandarsa, na ce wannan ba ta jefarwa ba ce. Na ce in mutum ya faɗi ya bar shi a ƙasa, amma kada ya ɗauke ido, in ta ɓaci ya saki igiya ya dawo mini ko ba takalmi. Ya ce, "Haka Baffa ya ce." Na ce ban tambaye shi wanda ya ce ba.

Ban iya komai ba duk yinin. Na kira matan aji don kada in zauna ni kaɗai, muka yi baƙaƙe biyar, na yi wa matar mai kitso tsawa ba laifinta.

Kafin la'asar ta yi sanyi na ji kukan sa a kan hanya. Ya shigo yana ƙorafin ƙaya ta soke shi a diddige. Ba su gamu da kowa ba. Wannan bai nuna komai ba, Alhamis mai zuwa ma akwai hanya, da ta bayanta.

An soma kiɗa a fage tun shekaranjiya, ina jin kalangu nake shigewa ɗaki. Yau ban shiga ba. Tankaɗe nake yi, ba zan bar wa kaji gari ba.

Man da na aika gidan Labaran na gwiwa ne. Ya daɗe a ɗaki, lalacewa zai yi.